Ɗauko Baba daga Bayan Mambila

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safiyar Litinin abin ya fara lalacewa, a wani garejin walda da ke Sabon Gari, tun ba mu bar Zariya ba. Na san lokacin daidai, don agogon hannuna na ƙura wa ido maimakon in buɗe baki.

Tun da na koma makaranta 'yan ɗakinmu ke tambayata yaya Mambila take, wai da gaske ne ana taɓa gajimare da hannu, wai na shiga har Kamaru ban kawo musu tsaraba ba. Nakan ce akwai sanyi kawai. Ba na iya ba da labari da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Mahaifina, Malam Bulus, malamin gona ne da ya yi ritaya. Bara cocinmu na Samaru ya tura shi wani ƙauye a bayan tsaunin Mambila, tafiya kaɗan cikin Kamaru, ya koya wa mutanen can noman dankalin turawa da adana iri. Yana da ciwon sukari. A watan Agusta fartanya ta sare shi a babban yatsan ƙafar hagu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Wata Lahadi da yamma matar da ke kula da ɗakin shan maganin ƙauyen, Madam Odil, ta hau tudun da ake samun sabis ta kira Mama. Hausarta kaɗan ce, amma mun gane. Yatsan ya yi baƙi, baƙin yana hawa. Baba ba ya iya zama a kan babur, motocin haya kuwa sun daina shiga tun da ruwa ya yi ƙarfi. Ta ce idan ana son ƙafar, a zo cikin makon nan.

Mama tana fama da hawan jini, ni ce babba, kuma na ɗan yi Faransanci a sakandare. Sai aka ce ni zan bi Kawu Ishaya, ƙanin Mama, wanda shi ke tuƙa tsohuwar jif ɗin coci. Kawu ya taɓa kafewa a hanyar nan ya kwana biyu a taɓo, don haka ya ce ba zai taka ta ba sai da winci. Winci injin jan mota ne, gangar ƙarfe ce mai naɗe da igiyar waya da ƙugiya. A ɗaura shi a gaban mota, in ta kafe a maƙala ƙugiyar a jikin bishiya, injin ya naɗe igiyar ya jawo motar waje. Akwai wani da aka ba cocin kyauta, ya shekara biyu a sito cikin kwalinsa. Da muka ɗauko shi na ga ɗan littafinsa a ƙasan kwalin. Ni kuwa ko takardar cikin kwalin magani ce sai na karanta ta. Daga Samaru zuwa Sabon Gari na karance shi sau biyu.

Wurin Baba Tanimu muka kai motar. Abokin mahaifina ne tun firamare. Da Sallah shi ke aiko mana nama, da Kirsimeti mu aika masa shinkafa. Da ya ji abin da ya faru sai ya ture ƙyauren da yake haɗa wa wani, ya ce a jira shi. Akwai dattawa uku a kan benci, abokan sana'arsa, suka taso suka kewaye motar.

Abin da littafin ya faɗa a shafi na bakwai a fili yake. Ba a ɗora winci a kan bamba. Sai an samo faifan ƙarfe mai kauri, a huda shi, a ɗaure shi da manyan notuna a jikin shasi, wato ƙashin bayan motar, sannan wincin ya zauna a kansa. Har da zane: winci a kan bamba, an ja masa jan layi biyu a gicciye. Wannan aiki zai cinye yini guda, wataƙila har da safiyar Talata. Baba Tanimu ya ƙwanƙwasa bambar da guduma, ya ce ƙarfen da ne, ba irin gwangwanin yanzu ba. Zai liƙa wincin a kanta da walda, ya ƙara mata tokari biyu zuwa ƙarfen da ke riƙe da lagireto. Awa ɗaya ya gama, mu kama hanya da asuba.

"Direban Fasto," ya ce wa Kawu, "ko giwa ce ta faɗa rijiya, wannan zai fito maka da ita. In ka kafe kuma, to tuƙinka ne, kada ka kira sunana."

"Kai dai liƙa. Waldarka ta bara a ƙofar coci har yau sai mun tokare ta da dutse."

Dattawan suka yi dariya. Baba Tanimu ya waiwayo ya gan ni riƙe da littafin.

"'Yar Bulus, me Bature ya ce a ciki? Ya ce a gaishe da Tanimu?"

Nan ne na dubi agogo. Mutum ne da ya girmi mahaifina da wata uku, ya shekara talatin yana wannan aiki, hannuwansa duk tabon wuta, ya ajiye aikin wani saboda mu, ga sa'o'insa a tsaye suna kallo. Ni kuwa karatun kula da laburare nake yi, ban taɓa riƙe sifana ba. Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Daga baya na matsa kusa da Kawu na miƙa masa littafin a buɗe a shafi na bakwai. Ya karɓa bai duba ba, ya jefa shi a aljihun gaban mota, ya ce kada ya ɓace.

Da aka gama aka gwada. Suka maƙala ƙugiyar a gindin mangwaro, wincin ya jawo motar a kan busasshiyar ƙasa mai laushin tafiya. Kowa ya yaba. Baba Tanimu ya shafa wa waldar baƙin fenti, ya ce in gaya wa Bulus ya daina wasa da fartanya, ya tsufa.

Mun bar Samaru da asubar Talata. Jos, Bauchi, Gombe, Numan, muka shiga Jalingo rana na faɗuwa. Kawu mutum ne mai surutu, in ya gaji da labari ya koma waƙoƙin coci, ni dai nawa "to" ne. Jarkar man da muka ɗora a baya ta yi yoyo a kan guzurinmu, ƙuli-ƙuli da garin kwaki duk suka koma warin fetur, sai masa muka saya a Bauchi. A kowane shinge sai jami'an tsaro sun zagayo gaba sun shafa wincin sun tambayi aikinsa, Kawu ya yi musu bayani kamar shi ya ƙera shi. A Jalingo wani fasto ya sauke mu. Aka ba ni ɗakin da matarsa ke ɗinki, na kwana tsakanin keken ɗinki da buhunan gyaɗa.

Ran Laraba taya ta fashe mana kafin Bali. A Serti, muna jiran a yi faci, na durƙusa a gaban motar kamar ina ɗaure takalmi. Fentin da ke kusa da hannun bambar na hagu ya tsage, siriri kamar gashi. Na ce wa Kawu fentin nan ya tsage. Ya leƙo daga inda yake tsaye ya ce fenti ne, rana ce. Ban ƙara ba.

Hawan Mambila ba zan iya kwatanta shi ba, don rabinsa idona a rufe yake. A sama akwai sanyi irin wanda ke shiga haƙori, ga shanu masu ƙiba, ga dogayen itatuwan turare a jere. Wata dattijuwa 'yar cocin garin da muka tsaya ta ba mu masauki. A can wuta a tsakiyar ɗaki ake hura ta, ba a madafa ba, masara na rataye a rufi ta yi baƙi da hayaƙi. Idona ya yi ta hawaye, matar ta ɗauka kukan Baba nake yi, ta yi ta lallashina da Fillanci. A kasuwarsu ma Fillanci ne gaba, Hausa na biye. Ta ba mu tuwon masara da wani ganye da suke kira kumbi, mai ɗan ɗaci. Shi ne na dare, shi ne na safe. Piya kuwa, wadda a Samaru sai mai hali ke saya, a can tana ruɓewa a gindin bishiya.

Ran Alhamis muka sauka daga kwalta. Akwai wata al'ada a hanyar nan da ban sani ba. Da damina maza sukan zauna kusa da wuraren da suka fi muni, da fartanyu da dogayen sanduna, su bi mota su tone ta in ta kafe. Sana'arsu ke nan har ruwa ya ɗauke. A wata mararraba su shida suka miƙe suka ce gaba akwai kwari, su hau su raka mu. Kawu ya nuna musu gaban motar ya ce mun zo da namu mai tonon. Suka dubi wincin, suka dubi juna, suka koma suka zauna.

Ƙarfe goma da minti biyar muka kafe a kwarin. Jan taɓo ne mai danƙo, ya haɗiye tayoyin har ya taɓo ƙofa. Kawu ya fita ta taga, ya ja igiyar ya haura da ita ya naɗa a gindin wani itacen turare. Ya ce in fito in tsaya can gefe. Ya danna madannin wincin. Igiyar ta miƙe, ta fara ƙara kamar tsarkiyar garaya. Motar ta motsa kamar taki ɗaya. Sai na ji wani abu ya yage, irin ƙarar da kwano ke yi in iska ta ɗaga rufi.

Waldar Baba Tanimu ba ta saki ba, wannan dole in faɗa. Wincin yana nan liƙe a bambar har yau. Bambar ce ta rabu da motar. Hannun hagu ya fara tsinkewa, ta murɗe, tokaran nan biyu suka fizgo ƙarfen lagireto suka tafi da shi. Duk tarkacen ya wuce ta gefen Kawu da tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, ya faɗa cikin taɓo. Koren ruwa ya rinƙa zuba daga gaban motar. Kawu ya zauna a kan gaɓa, madannin na hannunsa.

Masu tonon da muka bari suka iso, ashe sun biyo mu a ƙafa. Ba wanda ya yi mana gori. Awa huɗu suka yi da fartanyu da rassa da sanduna suka fitar da motar. Babbansu, wani tsoho mai hular sanyi, ya juya bambar da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ƙwanƙwasa shasin da sandarsa.

"Wa ya ɗaura wannan a fata," ya ce, "ga ƙashi?"

Aka kwance lagireton. Kawu zai koma da shi gari a kan babur a liƙe shi, ni in wuce wurin Baba a wani babur ɗin. Baburansu sarƙa ake naɗa wa taya. Sau uku muka faɗi, jakata ta jiƙe, takalmina ɗaya ya tsaya a taɓo na ciro shi da hannu.

Iyakar kanta gora ce guda a gicciye a kan hanya, da bukka a kowane ɓangare. A namu aka rubuta sunana a babban littafi. A nasu wani jami'i mai furfura ya yi mini tambayoyi da Faransanci, nawa Faransancin ya gudu, sai sunan ƙauyen da na mahaifina nake maimaitawa. Ya ce, a'a, tsohon nan mai dankali? Ya ɗaga gorar da kansa. Ya ɓalla mini rabin burodinsa, dogo ne kamar sanda, mai tauri, ya ce in ci, ina rawar sanyi.

Da na isa ƙauyen, warin ciwon na fara ji tun daga ƙofa. Baba yana kwance a gadon gora, ya rame, idonsa ya faɗa. Da ya gan ni abin da ya fara cewa shi ne, wa ya ba ni izinin barin karatu. Ya tambayi motar. Na ce ta sami matsala, tana zuwa.

Madam Odil gajeriya ce mai ƙarfi, ta kai shekara hamsin. Ta yaye zanen ta nuna mini. Kowace safiya takan ja layi da biro a inda baƙin ya tsaya. Layin ranar Alhamis yana tsakiyar tafin ƙafa. Ta ce in an kai shi asibiti gobe, yatsu zai rasa, wataƙila da rabin tafin, amma zai taka. Na ce mata ba gobe ba. Ta dube ni, ta mayar da zanen.

Kwana uku na yi a ɗakin nan. A gida in an zo duba mara lafiya sai a yi sannu, a yi addu'a, a tashi. A can kowa zai zo da itace guda ya sa a wuta, ya zauna yini guda ba magana. Matansu in za su yi wa babba magana sai su rusuna su tafa hannu a hankali sau uku, ladabin da ya fi namu. Amma in sun gama tafin sai su faɗi abin da ke ransu duka. Na ga wata matashiya ta tafa wa mai garin, sannan ta gaya masa a gaban mutane cewa gadon da ya sa a ɗaure don ɗaukar Baba gajere ne. Ya auna, ya sa aka sake. Madam Odil kuwa faɗa take yi wa mahaifina kamar ɗanta, a kan tsumman da ya ɗaure ciwon da shi, a kan kwana goman da ya ɓoye mata. Da farko abin ya ba ni haushi.

Ran Juma'a layin ya kai idon sawu. Na hau tudu na kira Kawu, ya ce mai liƙin lagireton ya tafi jana'iza wani ƙauye, ba wani a garin. Ya nemi motar haya, duk sun ƙi shiga kwarin. Ran Asabar layin ya haura idon sawun da yatsa uku, Baba ya fara kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Ran Lahadi Madam Odil ta ja layin a tsakiyar ƙwauri, ta ba ni biron ta ce in riƙe.

Ranar ce Kawu ya ce motar ta tashi. Maza takwas suka ɗauki Baba a gadon gora, huɗu huɗu suna canji, awa huɗu har kwarin. A kan iyaka jami'in nan mai furfura ya ɗaga gora ya cire hularsa. Ban ji daɗin cire hular ba. Motar tana tsaye a ƙetaren taɓon, gabanta a buɗe ba bamba, lagireton an ɗaure shi da waya. A asibitin kan tsauni suka wanke ciwon suka sa masa ruwa, suka ce mu wuce. Litinin da yamma muka isa babban asibitin da ke ƙasa. Talata da safe aka yanke ƙafar a ƙarƙashin gwiwa.

Bayan mako uku muka dawo Samaru. Gidan ya cika da 'yan sannu. Baba Tanimu ya zo daga Sabon Gari da sandunan dogarawa da ya ƙera da hannunsa, ya naɗe musu soso a hammata. Ya durƙusa a gaban kujerar Baba ya yi kuka kamar yaro. Kawu ya gaya masa tsatsa ce ta ci hannun bambar ta ciki, ba wanda zai iya gani. Littafin yana aljihun gaban mota, ba wanda ya sake buɗe shi.

Na yi ta tambaya a kaikaice. Likitan da ya yi aikin ya ce ba a sanin irin wannan. Mama ta ce nufin Allah ne, in daina tone-tone. Kawu ya ce laifinsa ne da ya kori masu tono. Fasto ya karanta mini aya. Ba wanda na gaya wa abin da na karanta, don haka duk amsar wata tambaya suke ba ni, ba tawa ba.

Wata Asabar da la'asar ina canza wa Baba bandeji a tsakar gida, Mama ta tafi kasuwa. Ina naɗawa, idona a kan hannuna, na gaya masa duka: shafi na bakwai, jan layin nan biyu, tambayar da Baba Tanimu ya yi mini a gaban sa'o'insa, murmushin da na yi. Na gaya masa inda layin biron yake ran Alhamis, da abin da Madam Odil ta ce. Bai katse ni ba. Da na gama na ɗaure bakin bandejin na ce, "Baba, da ka so in yi magana ranar?"

Ya daɗe yana kallon inda bandejin ya ƙare.

"Rahila, da kin gyara wa Tanimu aikinsa a gaban mutane, labari ya iso ni, da na yi miki faɗan da ba ki taɓa ji ba. Haka na rene ki." Ya jawo sandunan ya jingina su a jikin kujera. "Amma da a tsaye zan yi miki shi."